Alhaji Sammani da Agogon Jakada

Tasi'u dillali ne ya ba ni labarin nan, kuma na san abin da za ku ce, maganar dillali sai an tankaɗe ta kafin a dama. To wannan karon akwai shaidu. Ni kaina shagona na kallon na Alhaji Sammani a layin 'yan shadda, na ga fitarsa ranar da abin ya faru, na kuma ga irin tafiyar da ya dawo da ita.

Alhaji Sammani mutum ne mai agogo. Ba sayar da su yake yi ba, guda ɗaya tak gare shi, amma guda ɗayan nan ya fi shagonsa suna a kasuwa. Ɗan Suwizalan ne, na zinare, fuskarsa koriya, ya sayo shi a Dubai lokacin da kasuwa take kasuwa. Ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi, kuma Alhaji bai taɓa barinsa ya rasa motsi ba. Saboda agogon nan har nuna hanya ya koya da hannun hagu, abin da iyayenmu suka hana. In ka kuskura ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya naɗe hannun riga ya ba ka tarihin agogon tun daga kantin da aka sayo shi, a ƙarshe ka koma ka duba wayarka.

Sai kasuwa ta ja baya, kamar yadda ta ja wa kowa. A daidai lokacin kuma aka sa ranar auren 'yarsa Rumasa'u, gidan da za ta shiga kuwa gidan masu hali ne. Kayan ɗaki a wuyan uba suke, kowa ya sani. Maiɗakinsa ta riga ta zaɓi gado da kujeru da labule 'yan Turkiyya, ta nuna wa danginta hotuna, shi kuma ya buga ƙirji a gabansu ya ce an gama. Ba a gama komai ba. In ya sayar da mota unguwa za ta gani, in ya karyar da shadda kasuwa za ta ji. Agogo ne kaɗai zai iya fita shiru, in an tambaya ya ce ya aika da shi Dubai a wanke masa ciki. Abin da Alhaji ke tsoro bai wuce a ce Sammani ya gaza har ya ciro na hannunsa ba.

Ya kira Tasi'u can ƙuryar shago, bayan dilolin shadda, ya gindaya masa sharuɗɗa. Kada a ambaci sunansa. Kada hoton ya nuna tsintsiyar hannunsa ko dardumar falonsa. Kuɗi kuma miliyan ashirin da huɗu, kuma duk wanda ya taya, komai ƙanƙantar tayin, yana so ya ji da kunnensa. Tasi'u ya ce wannan na ƙarshen zai sa masa hawan jini. Alhaji ya ce jininsa ne.

Tasi'u ya ɗauki hoto a kan farin ƙyalle, ya ɗora a shafinsa na intanet, ya watsa a guruf-guruf na masu harkar agogo. Kafin la'asar wayarsa ta ɗau zafi.

Mu nan kasuwa akwai kunyar ido. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama, amma ba wanda zai dubi tsabar idonka ya taya maka raƙumi a kuɗin akuya. A waya kuwa ba ido. Wani ya aiko da saƙon murya, ya gaida Tasi'u, ya gaida iyalinsa, ya tambayi ruwan sama, sannan ya ce yana da dubu ɗari uku a hannu, in an yarda yanzun nan za a ji alat na banki. Wani ya ce a yi musaya da filinsa, da aka tambayi inda filin yake sai ya ce titi na nan zuwa wajen. Wani ya rantse jabu ne, amma duk da haka a rage masa zai taimaka ya saya. Akwai wanda bai taya ba ma, cewa ya yi shi ango ne, a ara masa na yinin ɗaurin aure. Duk wannan Tasi'u na kai wa Alhaji, Alhaji na haɗiya. Da farko yana cewa albarka cikin natsuwa, daga baya albarkar ta fara fitowa ta tsakanin haƙora.

Tayi ɗaya ne na mutunci ya shigo, daga Hajiya Kubura. Duk mai harkar gwal da agogo a garin nan ya san ta, mace ce mai shago a bene, mai gilashin ido a ƙarshen hanci, ba ta da yawan magana kuma ba ta taya abin da ba za ta biya ba. Ba ta san mai agogon ba, hoto ta gani, ta ce in na asali ne ta saya sha takwas. Tasi'u ya ce wa Alhaji ya rufe ido ya sallama, kuɗin za su yi kayan ɗaki har da canji. Alhaji ya shafa fuskar agogon da babban yatsa, ya ce a ce mata yana shawara.

A cikin shawarar ne shaiɗan ya shigo ta waya. Alhaji na zaune yana leƙe-leƙen shafukan masu agogo, don ya ga yadda kasuwar take, sai ga irin nasa sak, zinare, fuska koriya, a shafin wani dillali ɗan Kaduna mai suna Ɗanliti. Hoton tas-tas, irin na kamfani. A ƙasa an rubuta cewa na wani tsohon jakada ne a Abuja, bai fi sau biyu ya ɗaura ba. Kun dai san yadda ake yi, duk motar hannu ta wata Hajiya ce da ba ta fita sai asibiti, duk agogon hannu kuma na jakada ne. Kuɗinsa miliyan ashirin da takwas.

Abin da Alhaji bai sani ba, ni ma sai daga baya na sani, shi ne yadda kaya ke yawo a wannan sana'a. Dillali ya ga kaya a shafin ɗan'uwansa, sai ya ɗauke, ya sauya hoto, ya yi wa kayan sabon ubangida, ya ɗora nasa a kai, ya rubuta cewa yana hannu. In mai saye ya zo, sai ya cire rabonsa ya miƙa ragowar tayin ga wanda ya ɗauko a wurinsa. Kuma dillali ba ya faɗa wa dillali sunan mutuminsa, ko da uwa ɗaya ta haife su, don kada a tsallake shi. Ɗanliti a shafin Tasi'u ya ɗauko agogon nan. Babu wani jakada.

Alhaji ya ga ashirin da takwas, ransa ya yi fari, ashe ma arha ya sa wa nasa. Sai kuma wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum yana ganin ba wanda ya kai shi wayo. Dabarar ita ce ya sayar da nasa da tsada, ya danne na jakada ya saya da arha, ribar tsakani ta yi kayan ɗaki, hannunsa kuma bai kwana ba agogo ba. Ba mai tambaya, ba ƙaryar Dubai. Ya ciro wata ƙaramar waya da yake ajiyewa a aljihun ciki, mai layin da ko maiɗakinsa ba ta da shi, ya kira Ɗanliti ya ce sunansa Injiniya.

Mutumin da ya yi sati yana tsine wa masu tayin wulaƙanci, ku zo ku ji bakinsa da ya zama mai saye. Ya ce wa Ɗanliti wannan samfurin an daina yayinsa. Ya ce koriyar fuska ba ta da kasuwa, injinsa kuma in ya tsufa sai ya riƙa ja da baya. Ya ce shi dai don taimako, ya taya miliyan bakwai.

Washegari Tasi'u ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce an samu wani sabon mai so ta hannun wani abokin sana'a, amma biyar ya taya, kuma ya kushe kayan. Daga shagona na jiyo muryar Alhaji, har na ɗauka ɓarawo aka kama.

“Koma ka faɗa masa, in ji ni, ya je ya sayi agogon bango ya rataya a wuya. Kaf zuri'arsu akwai wanda ya taɓa ɗaura irin wannan?”

To, dillali ba ya kai zagi, domin zagi ba ya haifar da la'ada. Tasi'u ya wanke saƙon tas, ya ce wa Ɗanliti mai kaya ya ce albarka, a ƙara. Ɗanliti ya sa masa turare, ya ce wa Injiniya jakada na gaisuwa, ya ce a ɗan motsa. Alhaji ya ji daɗin wannan ladabi, har ya ce manya daban suke. Ya motsa zuwa tara. Kafin ya gama cin abincin rana Tasi'u ya kira babbar waya, ya ce mutumin nan mara kunya ya hau zuwa bakwai.

Haka aka yi ta yi. In Alhaji ya ƙara a ƙaramar waya, sai albishir ya zo a babba cewa mai tayi na hawa. In matsin gida ya sa ya rage a babba, sai albishir ya zo a ƙarama cewa jakada ya fara saukowa. Ta ko'ina nasara yake gani. Na sha ganinsa a ƙofar shago yana murmushi shi kaɗai, hannu ɗaya a wannan aljihu, ɗaya a wancan.

Ana cikin haka Hajiya Kubura ta aiko tana tambaya, shawarar ta ƙare ko ta sa kuɗinta a wani abu. Tasi'u ya roƙi Alhaji kamar zai durƙusa. Alhaji ya ce a ce mata albarka, yana da mai saye da ke hawa kullum ba fashi, kuma irin waɗannan masu taurin kan su ne ke biya da tsada a ƙarshe, shi ya san halinsu. Hajiya ta ce ba komai, Allah ya kawo kasuwa.

Biki kuwa na ta matsowa. An raba kati. Mai kujeru ya fara kira da safe, maiɗakinsa ta fara yi masa irin kallon da ba ya buƙatar magana. Tasi'u ya ga abin zai lalace, don ya zaburar da Ɗanliti sai ya ɗan tsegunta masa cewa mai kayan a matse yake, aurar da 'ya zai yi, ba a sayi ko filo ba. Ɗanliti bai ɓata lokaci ba ya kai wa Injiniya, da zafinsa. A nan ne ni Alhaji ya ba ni haushi, don in da tausayi a duniya, shi ya fi kowa cancantar ya ji shi. Dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce jakada guda da sayar da agogo don kayan ɗaki, Allah ya rufa mana asiri. Ya ce wa Ɗanliti kada a ƙara ko sisi, a bar shi ya dahu, wanda biki ya taso a gaba ba shi da bakin ciniki.

Dillalan biyu suka gaji da zirga-zirgar saƙo, ga katin waya na ƙarewa a banza. Suka yanke shawarar a haɗa mai kaya da mai saye ido da ido, ko kunya ta yi abin da waya ta kasa. Wurin haɗuwa kuma shagon Hajiya Kubura, domin nan ne ake buɗe agogo a tabbatar da asalinsa, kowa ya yarda da hukuncinta. Tasi'u ya kira babbar waya ya ce Asabar bayan la'asar. Ɗanliti ya kira ƙarama ya ce Asabar bayan la'asar, shagon Hajiya Kubura. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Alhaji cewa ya yi Allah ne ya haɗa masa cinikin biyu wuri ɗaya don kada ya sha wahalar mota.

Ranar ya ci ado, babbar riga fara ƙal, hula zanna, turare har layinmu. Ya hau benen ya tarar da Tasi'u zaune da wani siririn mutum mai jakar rataye, wanda aka gabatar masa a matsayin abokin sana'a, wakilin mai saye. Ba a ambaci suna ba, Alhaji kuma bai tambaya ba, don bai ga abin tambaya a jikinsa ba. Hajiya na bayan gilashin kayanta tana auna wata sarƙa, ta amsa gaisuwa, ta dubi hannun Alhaji, ta dubi fuskarsa, ta ci gaba da awonta.

Aka kawo lemo. Aka zauna jiran mai saye. Alhaji na duba agogo yana tsaki, yana cewa daga ganin tayin mutum ake gane tarbiyyarsa, wanda ya taya biyar ai ba zai zo a kan lokaci ba. A ransa kuma yana ta leƙen matakala, ko zai ga wani mai kama da jakada, yana tunanin yadda zai yi wancan cinikin ba tare da Tasi'u ya gane ba. Lemo ya ƙare. Siririn mutumin ya ce bari ya kira mutuminsa ya ji inda ya tsaya.

Ƙaramar waya ta fara ruri a aljihun ciki. Alhaji ya dafe ƙirji kamar mai ƙwarnafi, ya ce a yi masa uzuri, daga gida ne. Ya fita baranda, ya ja ƙofar gilashi, ya juya baya, ya rage murya.

“Ɗanliti, ni fa na iso tun ɗazu. Ina jakadan?”

“Injiniya, hawo sama kawai. Mai kayan na nan, ga shi can a baranda yana waya, wani dattijo mai farar riga. Yi sauri, wallahi yau zai karye. Sai cika baki yake, amma tun da ya zauna gumi yake yi.”

Tasi'u ya ce bai taɓa ganin mutum ya juyo a hankali irin na ranar ba. Alhaji ya juyo da waya a kunne, siririn mutumin na kallonsa ta gilashi da waya a kunne. Suka tsaya haka, ba wanda ya kashe, kuɗin kati na tafiya.

Alhaji ya dawo ciki ya zauna. Tasi'u ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ɗanliti ne ya fara farfaɗowa, da yake ɗan sana'a ne, ya ce shi dai ya haɗa mai kaya da mai saye, ga su nan a kujera ɗaya, saboda haka la'adarsa ta ɓangare biyu ce, ban da kuɗin motar Kaduna. Da Alhaji ya daka masa tsawa, sai Ɗanliti ya juya wurin Hajiya, ya kwashe labari kaf ya zuba mata, tun daga tayin bakwai da kushen koriyar fuska, har zuwa kayan ɗakin da ba a saya ba da dariyar da Injiniya ya yi wa jakada. Yaran shago biyu da wata mai sayen 'yan kunne duk sun ji. Asirin da aka yi wata ana rufewa, a tsaye ya tonu.

Na tausaya masa a nan, gaskiya. Mutum ne mai girma a layinmu, kuma 'yarsa ba ta yi laifin komai ba. Ya share goshi da hannun riga, ya ga dai mai saye na gaskiya ɗaya ne a duniya, kuma ga ta zaune a gabansa. Ya kwance agogon, wurin ya bar farin zobe a fatarsa, ya ajiye shi a kan gilashi a hankali.

“Hajiya, tayin nan naki na sha takwas. Na sallama.”

Hajiya Kubura ta ɗauka, ta buɗe bayansa, ta sa madubin ido ta duba injin, ta kara a kunne. Ta ce na asali ne, ba ko tantama, kuma an riƙe shi da kyau. Ta rufe, ta goge da ƙyalle, ta ajiye a tsakiyarsu. Ta ce wancan tayin an ce mata albarka, ya wuce. Na yau takwas ne.

Alhaji ya miƙe tsaye.

“Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah. Yanzu kika ce na asali ne. Wane mara mutunci ne zai dubi agogon nan ya taya shi takwas?”

Ta sauke gilashinta, ta dube shi ta samansa.

“Alhaji, kai da ka san shi ciki da waje, bakwai ka taya. Ɗayan da na ɗora gudummawar biki ce.”